Darasi na 9: Sulala Masara Mai Zaƙi Kafin a Shanya ko a Sa a Firiza

Tsawon zama: awa 2, sai kuma a ware safiya guda domin gwaji.

Kayan da za a tanada: ɗanyar masara goyo 20 da aka karyo da safiyar ranar, babbar tukunya mai murfi, madambaci ko gwagwa, kwando ko rariyar ƙarfe, bokiti 2 na ruwa mai tsabta, wuƙa mai kaifi, farantai ko faifai, gidan sauro wankakke, kwalabe 5 masu murfi, da waya mai agogo.

Abin da za mu koya

A ƙarshen wannan darasi kowace 'yar ƙungiya za ta iya:
1. Faɗin dalilin da ya sa ɗanyar masara ke yin salam bayan an karyo ta.
2. Sulala masara ta hanya biyu, da tafasasshen ruwa da kuma tururi, ta san ribar kowace hanya da hasararta.
3. Gane masarar da sulalarta ta yi daidai, da wadda ta gaza, da wadda ta wuce kima.
4. Yin lissafi kafin ta karɓi bashi daga asusu domin wannan sana'a.

Buɗe zama

Jagora, bayan gaisuwa da zubi, ki yi wa mata waɗannan tambayoyi, ki bar su su yi magana kafin ki ce komai:
- Wace ce a cikinmu ta taɓa sayen masara da yamma, washegari ta dafa ta ji ba zaƙi?
- A wane wata masara take cika kasuwa har kuɗinta ya faɗi? A wane wata take tsada?
- Me muke yi da masarar da ta kwana ba a sayar ba?

Sashe na 1: Mece ce masara mai zaƙi?

Masara mai zaƙi iri ce daban da masarar da muke tuwo da ita. Kowace masara tana fara tara sukari a cikin ƙwayarta, daga baya ta juya shi ya zama sitaci, wato garin nan da muke tuƙawa. To, a masara mai zaƙi wannan juyi a hankali yake tafiya, shi ya sa sukari yake taruwa da yawa. Ko a bushe za ku gane irinta, don ƙwayar a yamutse take, ba ta cika tam kamar ta masarar gida ba.

Ana karyo ta ne tun tana ɗanya, wajen kwana 18 zuwa 24 bayan gemu ya fito, lokacin da gemun ya bushe ya yi ƙasa-ƙasa. Ku ɗan buɗe ɓawon ku soki ƙwaya ɗaya da farce. In ruwa fari kamar madara ya fito, ta yi. In ruwan garai-garai ne, da saura. In kuwa ya yi kauri kamar ƙullu, lokacinta ya soma wucewa. A wannan mataki kashi 70 zuwa 75 cikin 100 na nauyin ƙwayar ruwa ne, shi ya sa ba ta jure ajiya kamar busasshen hatsi.

Wadda za ta shuka ta kula da abu ɗaya. In an shuka ta dab da masarar gida, iska tana ɗauko bununin waccan ta zuba a gemun wannan, sai ƙwayoyin su fito da gari, zaƙin ya ragu. A nisanta gonakin, ko a bar tazarar mako 2 tsakanin shukar wannan da waccan.

Duk abin da za mu koya a nan yana aiki a kan ɗanyar masarar gida ma, sai dai ita zaƙinta bai kai ba, kuma fatarta ta fi tauri.

Sashe na 2: Abin da ke faruwa bayan an karyo ta

Goyon masara ba ya mutuwa don an raba shi da kara. Yana ci gaba da numfashi, yana ƙona sukarinsa, yana juya saura zuwa sitaci. Zafi kuma ƙara masa gudu yake yi. A zafin digiri 30, wanda a wajenmu ko a inuwa ana samunsa, masara mai zaƙi ta asali tana iya rasa kusan rabin sukarinta cikin awa 24. Akwai sababbin iri masu tsananin zaƙi da suka fi jurewa, amma su ma raguwa suke yi.

Masu wannan aiki a cikin ƙwayar wasu sinadarai ne da ake kira inzayim. Ido ba ya ganinsu, amma kun san aikinsu: su ne suke sa dankali ya yi baƙi bayan an fere shi, su ne kuma suke sa ayaba ta nuna har ta ruɓe. A masara, ban da masu juya sukari, akwai wani da yake taɓa ɗan man da ke cikin idon ƙwaya, sai ya jawo wari irin na tsohon mai ko na busasshiyar ciyawa. Akwai kuma masu cin launin rawaya har masara ta koɗe.

Ga abin da ya kamata kowa ta riƙe: shanya ba ta kashe waɗannan sinadarai, sanyin firiza ma ba ya kashe su. Rage musu gudu kawai suke yi. Abin da yake tsayar da su gaba ɗaya shi ne zafi mai ƙarfi na ɗan lokaci. Wannan shi ne sulala: a ba masara zafin tafasa na 'yan mintoci, a cire, a sanyaya. Ba dahuwa ba ce. In kun san gumin shinkafa, to 'yar uwarsa ce, sai dai sulala ta fi gajarta ƙwarai.

Ban da tsayar da inzayim, sulala tana daskarar da madarar ƙwaya yadda ba za ta tsiyaye ba in an zo yankewa. Tana rage ƙwayoyin cuta da ƙananan ƙwari da ke jikin goyo. Tana kuma tausasa fata, sai ruwa ya fita da sauri wajen shanya, ya kuma shiga da sauri ranar da za a jiƙa a dafa.

Sashe na 3: Hanya ta farko, tafasasshen ruwa

1. Ku hura wuta tun kafin a karyo masara. A karyo da sassafe kafin rana ta yi zafi, a bar ta cikin ɓawonta a inuwa, a baje. Kada a tula ta cikin buhu, don tana ɗaukar zafi da kanta. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: daga gona zuwa tukunya kada ya wuce awa 2 zuwa 3.
2. Ku ɓare, ku cire gemu, ku yanke duk inda tsutsa ta ci, ku wanke. Ku ware manya daban, ƙanana daban.
3. Ruwa ya yi yawa: lita 4 ga kowane rabin kilo na ɓararriyar masara, wato kamar goyo 2 matsakaita. Tukunyar da ta ci jarka mai lita 20, goyo 10 ne rabonta a zubi ɗaya.
4. Sai ruwa ya tafasa sosai yana juyi, sannan a zuba masara a rufe.
5. A fara ƙirga lokaci daga sa'ad da ruwan ya sake tafasa, ba daga sa'ad da aka zuba ba. In ya wuce minti 1 bai dawo tafasa ba, masarar ta yi wa ruwan yawa ko wuta ta yi kaɗan. A gyara a zubi na gaba.
6. In za a yanke ƙwayoyin ne, a ba ta minti 4 tana kan totuwarta.
7. In za a sa goyo sukutum a firiza, lokacin ya fi haka, don sai zafi ya ratsa totuwa: minti 7 ga ƙanana, minti 9 ga matsakaita, minti 11 ga manya. Wannan ƙa'ida ce ta cibiyar koyar da adana abinci a gida da ke Jami'ar Jojiya a Amurka. In ba a cika wannan lokaci ba, bayan ɗan zama a firiza ƙwayoyin suna ɗaukar ɗanɗanon totuwa.

Ribar wannan hanya: zafi yana taɓa ko'ina daidai, aiki yana sauri, kuma kowa tana da tukunya.

Hasararta: sukari da bitamin C da wasu bitamin B suna narkewa cikin ruwa. Ku ɗanɗana ruwan bayan zubi uku, za ku ji zaƙi. To, wannan zaƙin daga jikin masararku ya fita. Haka kuma hanyar tana cin ruwa da itace. Ana iya yin zubi da yawa da ruwa ɗaya, ana ƙarawa in ya ragu, amma in ya yi kauri yana kumfa a canza. In ya huce a ba dabbobi, kada a zubar.

Sashe na 4: Hanya ta biyu, tururi

Wadda ta iya turara dambu ta riga ta iya wannan.

1. A zuba ruwa kaɗan a tukunya, kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, ya tafasa sosai.
2. A ɗora madambaci ko gwagwa yadda ruwa ba zai taɓa masara ba. A toshe mahaɗin da tsumma mai tsabta kamar yadda ake yi wa dambu.
3. A jera goyo sahu ɗaya, a bar 'yar tazara a tsakani. In aka cusa su a kan juna, na tsakiya ba za su sami tururi ba.
4. A rufe da kyau, a fara ƙirga da zarar tururi ya turnuƙe. Kada a riƙa buɗewa ana leƙe.
5. Tururi yana ɗaukar lokacin ruwa da ƙarin rabinsa. Masarar da za a yanke, minti 6. Goyo sukutum na firiza, minti 10 ga ƙanana, 13 ga matsakaita, 16 ga manya.

Ribar tururi: tunda masarar ba ta nutse a ruwa ba, sukari da bitamin kaɗan ne suke fita. Zaƙi ya fi zama, ƙwaya ba ta shan ruwa, shanya tana sauri. Ruwa da itacen da ake buƙata ma sun fi kaɗan, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin da ake sayen ruwa.

Hasararsa: goyo kaɗan madambaci yake ɗauka a lokaci ɗaya, kuma in murfi yana yoyon tururi ko an cika shi da yawa, wani gefe zai sulalu wani bai sulalu ba. Irin wannan masara a ido lafiya lau take, sai bayan wata guda wari ya tona asiri.

Ga ƙungiyar da za ta shanya domin sayarwa, tururi ya fi. Ga wadda masara ta yi mata yawa kuma rana tana ƙwacewa, ruwa ya fi sauri.

Sashe na 5: A sulala a kan totuwa, ko a yanke tukuna?

A sulala tukuna, sannan a yanke. In kuka yanke ƙwayoyi tun suna ɗanye, kowace ƙwaya ta zama buɗaɗɗen baki ke nan, madararta za ta bi ruwan tukunya ta tafi. Abin da zai rage muku fata ce da ɗan gari. In an sulala a kan totuwa, madarar ta riga ta daskare a ciki kafin wuƙa ta iso.

Wajen yanka, a tsayar da goyo cikin faranti, a bi da wuƙa daga sama zuwa ƙasa. A yanki kamar kashi biyu cikin uku na zurfin ƙwaya. Kada wuƙa ta kankaro totuwa, don tana sa ƙaiƙayi a baki.

Sashe na 6: Sanyayawa

Masara tana ci gaba da dahuwa da zafin jikinta bayan an sauke. Sai an tsayar da wannan.

In firiza za ta shiga: a tsunduma ta nan take cikin ruwa mai sanyi, da ƙanƙara in akwai, ta daɗe a ciki daidai da lokacin da ta yi a wuta. In ruwan ya yi ɗumi a canza. A tsane ta sosai kafin a ƙulla a leda, a matse iska ta fita.

In shanyawa za a yi: tsomawa ɗaya ta isa, har dai hannu ya iya riƙe ta. A tsane, a yanke, a baje da sauran ɗuminta, don ɗumin yana taimakon bushewa. In aka bar ta ta jiƙa a bokiti, zaƙin da aka tsare a tukunya a nan zai zube.

Ruwan sanyayawa ya zama wanda za ku iya sha. Sulala ta rage ƙwayoyin cuta, kada ruwan bokiti ya dawo da su.

Sashe na 7: Yadda za a gane ta yi

Wadda ta yi daidai: launinta ya ƙara fitowa yana sheƙi. In an soki ƙwaya da farce ko an yanka, madara ba ta fitowa. In an tauna akwai sauran ƙarfi, kuma da zaƙi.

Wadda ta gaza: madara tana tsartuwa in an matsa. Wannan ita ce mafi haɗari ga jari, don ɗumi kaɗan zaburar da inzayim yake yi maimakon ya kashe su. Masarar da aka ba rabin sulala tana iya lalacewa fiye da wadda ba a taɓa ba.

Wadda ta wuce: ƙwaya ta yi laushi ko ta lotsa, launi ya dushe, zaƙi ya tafi. In ta bushe sai ta yi duhu, mai saye ya ce tsohuwa ce.

Sashe na 8: Shanya da ajiya

A baje ƙwayoyi sahu ɗaya a faranti ko faifai, a ɗora a kan teburi ko wani abu mai tudu, ba a ƙasa ba. A rufe da gidan sauro saboda ƙuda da kaji da ƙura. A riƙa motsawa duk bayan awa 2. Da yamma a shigar da su ɗaki kafin raɓa, a bar su a baje.

Ranar farko ita ce mai muhimmanci. Sulalalliyar masara tana da ruwa da sukari, in ta kwana a jiƙe a tare cikin kwano, tsami za ta yi kafin gari ya waye. Shi ya sa ake sulala da safe, ba da la'asar ba.

A nan sai mun yi wa kanmu gaskiya game da lokaci. Masara ta fi araha a tsakiyar damina, wajen Agusta, kuma a lokacin ne iska ta fi laima, rana ba ta da tabbas. Masarar noman rani da ake karyowa a fadama ita ta fi sauƙin shanya. Wadda za ta yi da damina sai ta tanadi akwatin shanya mai rufin leda ko gilashi, ko ta ƙarasa busarwa a babban kasko bisa garwashi mai sanyi-sanyi tana juyawa. Zafin da ake so wajen digiri 60 ne: hannu zai ji zafi, amma ƙwaya ba za ta soyu ba. In sama ta haɗe kuma ba ki da ɗayan biyun nan, kada ki sulala da yawa a ranar. Ki dafa ki sayar.

Ta bushe in ƙwaya ta yamutse ta yi tauri, tana ƙara in an girgiza faranti, kuma in an daka ɗaya sai ta farfashe, ba ta lanƙwashe ba. A bar ta ta huce, a zuba a kwalba ko jarka busasshiya mai murfi, ko buhun PICS in tana da yawa. A ajiye a wuri mai duhu, don haske yana cin launin rawaya. A mako na farko a duba kullum. In an ga gumi a jikin kwalba, a juye a sake shanyawa.

Duk masarar da ta yi fumfuna a zubar, kada a ba yara, kada a ba kaji. Wata fumfunar masara tana haifar da guba mai suna afalatoksin wadda take lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta.

Game da firiza: a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, sulalalliyar masara tana kai wata 8 zuwa 12. Amma wannan sai inda wuta ko sola take tsaye. In tana narkewa tana sake daskarewa, ba ajiya ake yi ba, ɓarna ce.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A jihar Niyu Meziko ta Amurka, har yau manoma suna zuba ɗanyar masara da ɓawonta cikin tandun ƙasa mai zafi, su yafa ruwa, su liƙe bakin da laka ta kwana tana turaruwa, da safe su fito da ita su shanya. Tasu tana yin duhu da ƙamshin hayaƙi saboda daɗewa a wuta, kuma da wake suke dafa ta.

Tattaunawa (mata biyu su karanta ko su kwaikwaya)

Amarya: Gwaggo, ni fa ina ganin wahala ce kawai. Kuɓewa ma ai haka muke yankawa mu shanya, ba ma sulalawa.

Gwaggo: Haka ne, 'yar nan. Amma kuɓewa yauƙi ake nema a jikinta. Masarar nan kuwa zaƙinta ne kuɗinta. In zaƙi ya tafi, me za ki ce wa mai saye?

Amarya: To in na jefa 'yar kanwa fa, don ta yi laushi da wuri?

Gwaggo: A'a, kul! Kanwa tana kashe bitamin, tana kuma sauya launi da ɗanɗano. Ruwa zalla ya isa. Gishiri ma ba a buƙata.

Amarya: Ni da ba ni da agogo, Gwaggo, yaya zan yi da minti huɗu?

Gwaggo: Wayar hannunki ai da agogo a ciki. Ki sa yaro ya saita miki ta yi ƙara. Kada ki ce za ki kintata, don da kin juya wajen goyo ko tuwo, minti goma sun wuce.

Amarya: In ta bushe zan iya ɗiba in shuka baɗi?

Gwaggo: Ina! Abin da ya shiga wuta ba ya tsira. Iri daban ake barinsa ya bushe a kara.

Amarya: To yaya ake cin ta?

Gwaggo: Kofi ɗaya na masara, kofi biyu da ɗan ɗori na ruwa. Ki jiƙa daga rabin awa zuwa awa biyu, ki dafa da ruwan jiƙon, kada ki zubar, zaƙi yana ciki. Ki sa a wake, ko dafa-duka, ko fate. Yara ba sa bari.

Gwajin ƙungiya

Gani ya kori ji. A ranar gwaji a raba goyo 20 kashi 5, goyo 4 kowane kashi:
- Kashi na 1: ba sulala.
- Kashi na 2: ruwa, minti 1.
- Kashi na 3: ruwa, minti 4.
- Kashi na 4: tururi, minti 6.
- Kashi na 5: ruwa, minti 15.

A yanke, a shanya kowane kashi a farantinsa a wuri ɗaya. A lura da wanda ya riga bushewa. A zuba a kwalabe 5, a ɗaura wa kowace zare mai launi daban, sakatariya ta rubuta wane launi ne wane kashi, ta ɓoye takardar.

Bayan wata 1, da kuma bayan wata 3, a buɗe a ranar taro. A duba launi, a shinshina, a jiƙa kaɗan a dafa a ɗanɗana. A ba kowace mace tsakuwa 3 ta ajiye gaban kwalbar da ta fi so: ɗaya don launi, ɗaya don ƙamshi, ɗaya don zaƙi. Sai an gama ƙirga tsakuwa sannan sakatariya ta buɗe takarda. Hanyar da ta ci, ita ƙungiya za ta riƙe.

Lissafi kafin a taɓa asusu

Ruwa shi ne mafi yawan nauyin ɗanyar masara, kuma shi muke kora. Kilo 10 na yankakkun ƙwayoyi yana komawa wajen kilo 3 in ya bushe. Ma'ana, kowane kilo ɗaya na busasshiya ya cinye fiye da kilo 3 na ɗanya. Wadda ta manta da wannan za ta sayar da asara tana murna.

Ku haɗa kuɗin waɗannan: masara, itace ko gawayi, ruwa, leda ko kwalba, kuɗin mota zuwa kasuwa, ladan aikinku na wuni, da abin da za a ɗora a kan bashi in daga asusu aka ɗauka. Ku raba jimlar da yawan mudu ko ƙullin da kuka samu. Abin da ya fito shi ne uwar kuɗi. Farashin sayarwa dole ya hau kansa.

Sannan ku tambayi kanku: wa zai saya? Busasshiyar masara mai zaƙi ba kowa ya san ta ba a kasuwanninmu. Ku fara da kaɗan. Ku dafa ku ba maƙwabta da masu sayar da abinci su ɗanɗana, ku ji nawa za su iya biya. Shawarar wannan darasi ita ce kada ƙungiya ta ba da bashi don wannan sana'a sai mai nema ta kawo samfurin da ya yi wata guda a kwalba bai sauya ba, ta kuma faɗi inda za ta sayar. Ko ba a sayar ba ma, masarar da da za ta lalace ta zama abincin gida a watannin da ɗanya ta yanke.

Kiyaye lafiya wajen aiki

Tukunyar lita 20 tana tafasa ba abin wasa ba ce. A girke ta daram a murhu, a kori yara daga wurin, mai goyo ta sauke goyonta tukuna. A tsamo masara da kwando ko babban ludayi mai huda. Wajen buɗe madambaci a karkata murfi tururi ya fita ta can gefe, don ƙunar tururi ta fi ta ruwa. A wanke hannu da sabulu kafin yanka da kafin baje shanya.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa shanya kaɗai ba ta hana masara wari?
2. Daga yaushe ake fara ƙirga minti a hanyar ruwa?
3. Goyo nawa ya kamata a zuba a tukunyar lita 20?
4. Wace hanya ce ta fi tsare zaƙi, kuma me ya sa?
5. In kika sayi kilo 20 na yankakkun ƙwayoyi, kilo nawa za ki samu bayan shanya?

Aikin gida

Kafin taro mai zuwa, kowace 'yar ƙungiya ta tambayo farashin ɗanyar masara a kasuwar da ta fi kusa da ita, da farashinta a watan da ta fi tsada. Mata uku su ɗauki nauyin nemo masara da itace domin ranar gwaji, ma'aji ta rubuta abin da aka kashe.